Abin Da Ke Ƙarƙashin Ciyawa: Kai Wuta Da Intanet Ofishin Lambu

Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Ingila, mu leƙa ƙuryar lambunan gidajen mutane, inda wani irin gini ya yawaita a 'yan shekarun nan har yin sa ya zama sana'a mai zaman kanta, wato ɗan ɗakin katako da maigida ko uwargida ke kafawa can ƙarshen lambu domin su mai da shi ofis. Wanda bai taɓa ganin ƙasar ba ya kamata ya san cewa gidajensu da yawa ƙanana ne, manne da juna a jere, kowanne yana da ɗan fili siriri mai tsawo ta baya, wanda suke shuka ciyawa da furanni a cikinsa. Saboda haka idan gida ya cika da hayaniyar yara, kuma babu ɗakin da za a ware wa aiki, to babu inda ido zai faɗa sai ƙarshen wannan fili.

Al'adar kuwa tsohuwa ce a wurin marubutansu. George Bernard Shaw, wanda ya zauna a ƙauyen Ayot St Lawrence tun daga 1906 har rasuwarsa a 1950, yana da wata 'yar bukka a ƙarshen lambunsa wadda aka ɗora bisa abin juyawa, domin a riƙa karkata ta tana bin rana. An kuwa kai mata wutar lantarki da wayar tarho, kuma ya sa mata suna Landan, domin idan baƙo mai cin lokaci ya yi sallama a ce masa maigidan yana Landan, ba tare da an yi ƙarya a zahirin lafazi ba. Amma abin da a da yake sha'awar 'yan tsirarun marubuta ya koma buƙatar jama'a tun daga ranar 23 ga Maris 2020, sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta umarci mutane su zauna a gida saboda annobar korona, ma'aikata masu ɗimbin yawa suka wayi gari teburin cin abinci ya zama ofishinsu. Annoba ta wuce, amma aiki daga gida bai wuce ba, kuma cikin masu wannan hali akwai 'yan uwanmu Hausawa mazauna Landan da Mancesta da sauran garuruwa.

Shi ɗakin kansa ba shi da wahalar samu. Kamfanoni suna kawo shi gunduwa-gunduwa su harhaɗa cikin 'yan kwanaki, kuma hukuma ta sassauta a kansa: muddin ba bene ba ne, bai cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan ba, kuma tsayinsa bai wuce mita 2.5 ba idan yana tsakanin mita 2 da iyakar maƙwabci, to galibi ba a neman izinin gini. Mas'alar da muke so mu tsaya a kanta ita ce wadda mai saye ba ya tunawa da ita sai an gama kafa ɗakin, an shafa fenti, an shimfiɗa darduma, ya zauna a kujerarsa ya nemi inda zai jona kwamfuta. A nan ne zai gane cewa ɗakin da ya kashe wa dukiya akwati ne kurum, sai an haɗa shi da gida ta hanyoyi biyu, hanyar wuta da hanyar intanet. Na lura kuwa, a can da nan gida duka, mutum yakan saki hannu a kan abin da baƙo zai gani ya yaba, ya ƙanƙame shi a kan abin da za a binne, alhali kuwa labule da fenti ana sauya su a yini guda, amma wayar da ta shiga ƙasa aka mai da ciyawa a kanta, ba a gyara kuskurenta sai an sake tone lambun tun daga farko.

Dabarar da ke fara zuwa a zuciya ita ce a ɗauko doguwar waya irin ta cikin ɗaki, a jona ta a soket ɗin kicin, a fitar ta taga, a ja ta bisa ciyawa. Wannan takan yi aiki na kwana ɗaya ko biyu, kuma nan ne haɗarinta yake, domin abin da ya yi aiki jiya mutum yakan ɗauka halal ne har abada. Robar irin wannan waya ba a yi ta domin rana da ruwa da ƙanƙara ba, injin yankan ciyawa na iya datse ta, ɓeraye da yanyawar da ke yawo a lambunan Landan na iya gwaguyarta, kuma soket ɗin Ingila ba ya ba da fiye da amfiya 13 komai roƙon da aka yi masa. Ana iya rataya waya ta sama bisa igiyar ƙarfe, doka ba ta hana ba idan an kiyaye sharuɗɗanta, sai dai iska da rassan itatuwa ba sa barin ta ta huta. Saboda haka masu sana'a suka fi karkata ga binnewa.

A nan ne hukuma ke shigowa. Tun ranar 1 ga Janairu 2005 akwai wani sashe na dokokin gini a Ingila da Wales da ake kira Sashen P, wanda ya shafi aikin wuta a gidajen zama, har da lambunansu da ɗakunan da ke ciki. Ja wa ofishin lambu sabon layi daga akwatin rarraba wuta na gida yana cikin ayyukan da wajibi ne a sanar da hukumar gini ta yankin. Kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki mai aikin wuta mai rajista da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka amince da su, irin su NICEIC ko NAPIT, domin shi yana da ikon ya gwada aikinsa, ya ba da takardar shaida, a sanar da hukuma a madadin maigida. Ka'idojin da yake bi kuwa suna cikin kundin da ake kira BS 7671, wanda asalinsa ya faro tun 1882, aka yi ta yi masa bita har bugu na 18 ya fito a 2018. Wani zai ce wannan katsalandan ne, gidansa ne, lambunsa ne, in ya halaka kansa ya halaka. Hujjar ba ta tsaya ba, domin gida a ƙasar nan yakan sauya hannu sau da yawa a rayuwar waya ɗaya, kuma wanda zai kafa shebur a wurin bayan shekara ashirin domin ya dasa itacen tuffa, bai halarci binnewar ba, ba a yi shawara da shi ba, bai ma san akwai waya a wurin ba. Haƙƙin wannan mutum da ba ya nan shi ne doka ke tsarewa.

Wayar da aka saba binnewa ita ce mai sulke, wadda suke taƙaita sunanta da haruffa uku, SWA. A tsakiyarta akwai wayoyin jan ƙarfe biyu ko uku, kowace da rigarta, sa'an nan aka naɗe su duka da siraran wayoyin baƙin ƙarfe a jere, aka rufe da baƙar roba mai kauri. Jama'a sukan zaci fa'idar sulken ita ce ya hana diga shiga, kuma lalle yana ragewa, amma babbar hikimarsa wata ce dabam: ana haɗa sulken da wayar tsaro, wadda masu wayarin a nan gida ke kira atin, ta yadda idan bakin diga ya huda wayar, tilas ya taɓa sulke kafin ya kai ga waya mai wuta, sai wutar ta bi sulken da ƙarfi ta sa makatsi ya yanke layin nan take, maimakon ta bi hannun mai haƙa. Sulken da ba a haɗa da atin ba ya rasa wannan fa'ida baki ɗaya. Shi ya sa ake kama bakin wayar da wani maɗauri na tagulla da aka ƙera domin haka, mai hana ruwa shiga, kuma da yadda mutum ya ɗaura wannan maɗauri ake gane gwani daga mai koyo.

Sai batun kaurin waya, wanda a nan ne rowa ta fi yin ɓarna, don haka ina roƙon masu sauraro su yi haƙuri da ɗan lissafi. Wutar gida a Ingila bolt 230 ce, kuma duk lokacin da ta bi waya mai tsawo sai wani abu ya ragu daga ƙarfinta a hanya; gwargwadon tsawon waya da sirantarta da yawan abin da ake ja, gwargwadon ragin. Ka'ida ta ce kada ragin ya wuce kashi 3 cikin 100 ga fitilu, wato bolt 6.9, ko kashi 5 cikin 100 ga sauran kaya, wato bolt 11.5. To maigida yakan ce ai kwamfuta ce kawai da fitila, kuma gaskiya ne waɗannan ba su cin wuta mai yawa. Amma ya manta da watan Janairu. Ɗakin katako a tsakiyar hunturun Ingila ba ya zaunuwa sai da hita, hita mai kilowat 2 kuwa tana jan kusan amfiya 9, butar shayi mai kilowat 3 tana jan amfiya 13, kuma Bature ba ya rabuwa da shayi. Mu ƙaddara ana jan amfiya 20 ta waya mai tsawon mita 40. Idan kaurin wayar milimita 4 ne murabba'i, ragin zai kai wajen bolt 9, ya ƙetare haddin fitilu. Idan 6 ne, zai sauko wajen bolt 6, ya shiga haddi da ƙyar. Idan kuwa 10 ne, zai tsaya ƙasa da bolt 4, a sami sarari ga na'urar sanyaya ɗaki ko injin da za a saya nan gaba. Bambancin kuɗin da ke tsakanin waya mai 6 da mai 10 ƙarami ne ainun idan an gwada shi da kuɗin haƙa rami, balle kuɗin haƙa shi sau biyu. Kuma ban san mutumin da ya yi nadamar binne waya mai kauri ba.

Shi ramin, abin mamaki, kundin ka'idoji bai yanke masa adadin zurfi ba. Abin da ya shar'anta shi ne waya ta yi zurfin da duk wani tonon da hankali zai iya hangowa ba zai same ta ba, kuma a sa mata alama ta sama. Daga nan ne masu sana'a suka yi ijtihadi, suka daidaita a kan santimita 45 zuwa 60, suna fifita 60 a inda ake noma ƙasa ko dasa itatuwa. Ana tsince duwatsu masu kaifi, a zuba yashi a ƙasa, a kwantar da waya ba tare da an miƙar da ita tsam ba, a sake rufe ta da yashi, a mai da wani kaso na ƙasa, sa'an nan a shimfiɗa ƙyallen roba rawaya mai rubutun gargaɗi tun daga wannan baki har wancan, kimanin santimita 15 ko fiye a saman wayar, domin shebur ya fara cin karo da shi. Kafin a sa diga kuwa sai an binciki abin da magabata suka binne, bututun gas da na ruwa da magudanar ƙazanta, kuma akwai na'urar da ake haya mai gano waya da ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. A kauce wa saiwar manyan itatuwa, domin wasu itatuwan doka na kare su, kuma yanke musu saiwa laifi ne. Haƙar kanta ba wasa ba ce: rami mai tsawon mita 30, faɗin santimita 30, zurfin 60, yana fitar da ƙasa fiye da mita 5 na kubik, ƙasar Landan kuwa yumɓu ce mai danƙo da damina, mai tauri da rani, kuma gidajen da ke manne da juna ba su da lungun da ƙaramin injin haƙa zai bi ya shiga. Wannan shi ne kason da maigida ke iya yi da hannunsa ya rage kuɗi, da sharaɗin ya yi shawara da mai aikin wuta tun kafin ya fara, kuma kada ya rufe ramin sai shi ya zo ya gani da idonsa, tunda ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Tun da rami yana buɗe, mai hangen nesa yakan kwantar da bututun roba a ciki, mai faɗin milimita 50 ko 63, ɗaya domin wuta, ɗaya domin intanet, in da hali har da na uku wanda babu komai a cikinsa sai igiya. Ita igiyar nan, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ita ce za a ɗaura wa sabuwar waya a ja ta bayan shekaru ba tare da an taɓa ciyawa ba, kuma duk wanda ya ja waya da ita sai ya ja wata igiyar tare, ya bar ta a ciki. A guji lanƙwasa mai tsanani, a toshe bakunan bututun saboda ɓeraye. Kuma kada wani ya yi zaton cikin bututu busasshe ne. Ko ba daɗe ko ba jima ruwa zai taru a ciki, don haka duk wayar da za ta shiga sai ta kasance irin wadda aka yi domin zama cikin danshi.

Yanzu mun iso ga mas'alar da ta fi kowace zurfi, wadda ita ce dalilin da ya sa nake ganin wannan aiki ba na mai koyo daga bidiyo ba ne, wato mas'alar atin. A gidaje da yawa na Ingila, kamfanin wuta yana kawo wayar komowa, wadda ake kira nutural, da wayar tsaro a haɗe cikin waya guda har bakin mita, sa'an nan su rabu a cikin gida. Tsarin yana aiki lafiya muddin wannan waya guda tana nan daram. Amma idan ta tsinke a can kan titi, abin da yakan faru jefi-jefi, to wutar da ke neman hanyar komawa sai ta hau kan duk wani ƙarfe da aka haɗa da atin. A cikin gida haɗarin yana da sauƙi, domin an ɗaure ƙarafan gidan da juna, kuma mutum yana tsaye bisa busasshen daɓe. Amma a ƙarshen lambu, inda mutum zai iya tsayawa bisa jiƙaƙƙiyar ciyawa ya kama famfon ƙarfe ko bangon ɗaki mai rufin kwano, jikinsa ne zai zama hanyar da wutar ke nema. Saboda haka mai aikin wuta yana da zaɓi biyu, kuma sai ya duba hali kafin ya yi hukunci: ko ya miƙa atin ɗin gida zuwa ofis ta waya mai isasshen kauri, wadda ba ta gaza milimita 10 murabba'i na jan ƙarfe ba idan akwai bututun ƙarfe da ke shiga ɗakin daga ƙasa, ko kuwa ya raba ofishin da atin ɗin gida, ya kafa masa sandar ƙarfe tasa a ƙasa, mai tsawon kamar mita 1.2, ya gwada ta da na'ura ya tabbata tana kama ƙasa sosai, inda suka fi son abin da na'urar ta nuna kada ya wuce om 200. Kowane zaɓi yana da muhallinsa, kuma wanda ya ce ɗaya ne daidai a kowane gida bai fahimci mas'alar ba.

A cikin ofishin kuma akan sa ɗan ƙaramin akwatin rarraba wuta, layin fitilu dabam, na soket dabam, tare da makatsin da ake kira RCD. Aikinsa shi ne ya riƙa auna wutar da ta fita da wadda ta komo. Idan ya ga gibi ya kai kashi 30 cikin 1000 na amfiya ɗaya, ya san ta ɓulle ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Sai dai ya kamata a sani cewa wannan makatsi, duk da amfaninsa, ba ya maganin tsinkewar wayar kan titi da muka ambata, domin ita wutar ta wayar tsaro take shigowa, inda ba ya aunawa.

Mu koma ga intanet. Mafi yawan mutane sukan fara da fatan cewa waifai ɗin gida zai kai, kuma la'alla yana kaiwa idan mutum ya tsaya a ƙofar ofis. Amma da ya shiga ya rufe ƙofa sai ya ɓace, saboda allunan hana sanyi da ake cusawa a bangon irin waɗannan ɗakuna suna da rufin takardar alminiyam ta fuska biyu, ita kuwa tana tare siginar. Akwai kuma 'yan na'urorin da ake jonawa a soket su aika intanet ta cikin wayar wuta. A wani gida su yi aiki, a wani su yi ta yankewa a tsakiyar taron ofis. Abin dogara shi ne waya. Wadda aka saba da ita ita ce ta Ethernet, fasahar da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka faro a kamfanin Xerox a Amurka a 1973, kuma nau'in da ake yawan sa wa yau shi ne Cat6: siraran wayoyi takwas, an murɗa su biyu-biyu domin murɗin ya kashe hayaniyar da ke shigowa daga waje. Haddinta mita 100 ne, kuma a cikin wannan tsawo tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa ba tare da gajiya ba. 'Yar uwarta Cat6a tana ɗaukar 10. Wajibi ne a sayi ta waje, mai baƙar riga mai jure ruwa, kuma a yi hattara da ta algus, wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, domin tana karyewa, kuma tana zafi idan aka bi da wuta ta cikinta zuwa kyamara ko na'urar waifai. A ja biyu ko da ɗaya ake buƙata. Kada kuma a cusa ta bututu ɗaya da wayar wuta. A ba ta nata, a bar tazara tsakaninsu a cikin ramin, wasu har santimita 30 suke bari idan faɗin ya ba da dama.

Amma jan ƙarfe yana da aibi guda wanda ba ya rabuwa da shi, shi ne yana ɗaukar wuta, wadda aka so da wadda ba a so ba. Idan aradu ta faɗi kusa, ko da ba a kan gidan ba, waya mai tsawo da ke kwance a ƙasa tana iya kwasar wani abu daga ƙarfinta ta kai wa na'urorin da ke bakunanta biyu. Haka nan idan ofis yana da sandar atin tasa, gida yana da nasa tsarin, sai aka haɗa su da wayar intanet mai rufin ƙarfe, to an ɗaura abin da mai aikin wuta ya raba da gangan. Maganin wannan duka shi ne zaren gilashi, wanda haske ke bi ta cikinsa. A ƙasar Ingila ma aka kafa hujjarsa, a garin Harlow, inda Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna a 1966 cewa idan aka tace gilashi daga ƙazanta zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa, aikin da ya sa aka ba Kao kyautar Nobel a 2009. Gilashi ba ya ɗaukar wuta, don haka aradu ba ta da hanya a cikinsa, maƙwabtaka da wayar lantarki ba ta dame shi, kuma mita 100 ba haddi ba ne a gare shi. Yanzu ana sayar da shi an riga an ɗaura masa kawuna, sai dai a ja shi a hankali ta bututu mai faɗi, a jona kowane baki da ɗan akwatin da ke juya haske ya koma siginar waya. Sharaɗinsa shi ne kada a lanƙwasa shi da ƙarfi, kuma ba ya iya ciyar da kyamara da wuta yadda jan ƙarfe ke yi. A ra'ayina, lambu gajere wanda ofishinsa ke kan atin ɗin gida, Cat6 ta waje ta wadatar. Amma idan tafiyar ta yi tsawo, ko an raba atin, zaren gilashi ya fi zama ihtiyaɗi.

Mai sauraro a Kano ko Kaduna kada ya ce wannan zancen Turawa ne. Wayarin Nijeriya gadon Ingila ne, bolt ɗinmu 230 ne kamar nasu, soket ɗinmu mai baki uku irin nasu ne, kuma kowa ya san gidan da aka ja wa baskwata ko shagon ƙofar gida ko ɗakin maigadi wuta da siririyar waya ta bisa katanga, an ɗaure mahaɗinta da leda. Bilhasali wasu sharuɗɗan sun fi tsanani a wurinmu. Tsawar damina a ƙasar Hausa ta fi ta Ingila nesa ba kusa ba, don haka hujjar zaren gilashi ta fi ƙarfi a nan. Gara tana cin robar waya, don haka bututu da sulke sun fi zama dole. Ƙasarmu kuwa tana bushewa ƙayau da rani, sandar atin da ta kama sosai a watan Agusta tana iya zama ba ta da wani amfani a watan Maris, shi ya sa masu wayarin ke zuba gawayi da gishiri a raminta, ko da yake gishirin yana cin ƙarfen sannu a hankali, sai an riƙa dubawa. Ga kuma janareto da sola da inbata, waɗanda ke sa wutarmu ta riga ta raunana tun kafin ta shiga doguwar waya, balle a ƙara mata da siririya.

Idan an gama jonawa, saura gwaji. Mai aikin zai auna ko rigar wayar ba ta ji rauni wajen ja ba, ya auna ko sulke yana haɗe tun daga wannan baki har wancan, ya auna saurin yankewar makatsi, ya rubuta sakamakon a takardar shaida. Takardar nan kuwa a adana ta tare da takardun gida, domin lauyan mai saye zai tambaye ta ranar da za a sayar, kamfanin inshora ma yana iya tambaya idan gobara ta tashi. Ita ma wayar intanet a gwada ta tun rami yana buɗe. Kafin a mai da ƙasa a ɗauki hotuna da ma'auni a tsaye cikin ramin yana nuna zurfi, a zana taswirar hanyar da waya ta bi, ana aunawa daga abubuwan da ba sa gusawa kamar kusurwar gida da katanga, a manna kwafi ɗaya a jikin akwatin wuta. Ƙasar da aka mayar takan lotsa bayan ruwan farko, don haka a daddanna ta kashi-kashi, a bar ta da ɗan tudu, a jinkirta shuka ciyawa har ta zauna.